Mak-fo, Madubi da Ramin da Ba Ya Cikewa

Duk wanda ya yi wayo a Gagarawa Tasha lokacin da jirgin Nguru ke kan ganiyarsa ya san doguwar bindigar nan mai ƙotar katako da ɗan sanda ke ratayawa idan ya rako kuɗi ko fursuna. Mak-fo ake ce mata. Mu yara kunnenmu makaho yake jiyo mana, har mukan yi musu a kan ko don ba ta gani ne aka raɗa mata sunan. Sunanta na takarda Lee-Enfield Lamba 4, ƙirar Ingila, tana ɗaukar harsashi goma. A gefen dama tana da wata 'yar sakata mai kai kamar goriba ƙarama, wadda ake ɗagawa a ja baya, kwanson da aka harba ya fita, a tura gaba ta ɗauko sabo.

Abin da ya tuno mini da ita wata hira ce a rumfar mai walda, ranar da muka dawo daga cin kasuwar Maigatari. Wani saurayi yana nuna wa abokansa bidiyo a waya: ga Bature da irin wannan tsohuwar bindiga, amma an ɗora mata madubin hangen nesa. Sai ya ce ai wannan ba wani aiki ba ne, rami uku ne ko huɗu, a huda a ɗaure da noti, shi ke nan. Mai waldar bai ko ɗago kai ba, ya ce, "Yaro, ƙarfen da ke riƙe wuta kusa da idonka ba ƙyauren shago ba ne." Ban san ko ya taɓa karanta wani abu a kan batun ba, amma cikin jimla ɗaya ya faɗi abin da ƙwararrun ƙasashe da dama suka kwashe shekaru suna koya, wasu da asarar ido.

Kafin a zo kan ramin, sai an san yadda aka yi wannan bindiga ta zama ta hukuma ita kaɗai a ƙasarmu. Gumel, wadda Gagarawa ke ƙarƙashinta, ta san bindiga tun kafin Bature. Masarautar Mangawa ce da ke bin Borno, a matse tsakanin Haɗeja da Kano da Damagaram, kuma Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tara bindigogi da yawa har ya sa ana zuba masa igwa a Zindar. To amma duk waɗannan na ɗurawa ta baki ne: a zuba albarushi, a cusa tsumma, a daka da tsinke. A 1890 ƙasashen Turai suka zauna a Burasels suka ƙulla yarjejeniyar da ta taƙaita shigo da bindigogin zamani cikin mafi yawan Afirka, aka bar wa mutanen ƙasa mai ƙanƙara da albarushin kasuwa. Amfanin wannan tsari ga masu shi ya fito fili a Kano a Fabrairun 1903, da Sakkwato da Burmi a shekarar, sannan a Haɗeja nan gabas da mu cikin Afrilun 1906, inda Sarki Muhammadu ya yi shahada. Tun daga nan hanya ta rabu biyu. Bindiga mai sakata ta tafi bariki, bindigar toka ta zauna wurin maharba da 'yan bindigar sarki masu buga ta ranar hawan Sallah. Da layin dogo ya iso daga Kano ya wuce Nguru a 1930, ya tarar da rabon nan ya riga ya zauna daram.

A can inda aka ƙera ta kuwa, ba a yi ta don madubi ba sam. Lee-Enfield ta fito a 1895, Mauser ta Jamus da ta fi shahara a 1898, Mosin ta Rasha a 1891. Dukansu an yi su ne don soja ya duba ta saitin ƙarfe, ya kuma ɗura harsasai ta sama. Ke nan daidai inda madubi zai zauna nan ne ƙofar abincin bindigar. Hannun sakatar Mauser da na Mosin kuma a miƙe yake, idan an ɗaga shi zai doki madubin. Ba a bar wani wurin ɗaure komai ba.

Sashen da ake magana a kansa shi ne gidan sakata, uwar bindigar ke nan. A jikinsa ake murɗa bututu, a cikinsa sakata ke kai da komo, kuma a nan haƙoranta ke cizo su kulle kafin a ja kunama. Lokacin da harsashin .303 ya tashi, matsin da ke cikin ɗakinsa ya haura nauyin tan uku a kan fili kamar faɗin farcen ɗan yatsa. Rabin wannan ƙarfi gaba yake nema, rabi baya, bayan kuwa fuskar mai harbi ce, tazararta ba ta kai taƙi guda ba. Haƙoran Mauser a gaba suke kullewa, cikin zoben da bututu ke shiga. Na Lee-Enfield a baya suke, don haka bangon gidan duka yana ɗaukar nauyin kowane harbi. Wanda bai san wannan bambanci ba bai ma san inda haɗarin yake ba, balle ya kauce masa.

Yaƙin Duniya na Farko ne ya tilasta a fara hudawa. Da aka shiga ramuka a Faransa a ƙarshen 1914, Jamusawa suka zo da bindigogi masu madubi, domin dama ƙasarsu ta maharban barewar daji ce da masu sarrafa gilashi. Ingilishi suka sha kashi kafin su farga. Wani maharbin namun daji mai suna Hesketh-Prichard shi ya dage har aka buɗe makarantar koyar da gwanayen harbi a 1916, kuma abin da ya fi ba shi takaici shi ne yadda ya tarar da madubai da yawa a hannun sojojin da ba su san yadda ake daidaita su ba. Su kuwa manyan soja suka nace sai an ɗaura madubin a karkace ta gefen hagu don kada a toshe ƙofar ɗuri. Sai mai harbi ya riƙa ɗage kunci daga ƙota yana leƙe kamar mai neman wata a daren salla. An yi aikin, amma aikin gaggawa ne.

A Yaƙi na Biyu aka gyara kuskuren, kuma a nan ne nake ganin ya kamata a daɗe, domin shi ne ma'aunin da har gobe ake gwada kowane aiki da shi. Ba kowace Lamba 4 ake ɗora wa madubi ba. A masana'anta ake harba su, wadda ta fi tara harsasai wuri guda a ware ta. Daga 1942 aka riƙa kai zaɓaɓɓun nan kamfanin Holland & Holland na Landan, masu ƙera wa attajirai bindigogin farauta. Su ba sama suka huda ba. A bangon hagu suka liƙa wasu 'yan ƙarafa biyu da dalma, suka ƙara da noti, sannan bayan sun zauna aka sa inji ya fere su yadda za su yi layi ɗaya da bututun wannan bindiga ita kaɗai. Madubin, Lamba 32, yana kusanto da abu sau uku da rabi, kuma asali don bindigar Bren aka tsara shi. Da an haɗa su an ɗaura aure: ana buga lambar madubin a wuyan ƙotar, a sa su akwati ɗaya, ba a ba wa wata bindiga aron madubin wata. A ƙara wani katako a kan ƙota inda kunci zai kwanta. Sun yi fiye da 23,000 kafin a rufe aikin a 1946. Ingancinsu ya kai har a 1970 aka sake wa wasu bututu zuwa harsashin 7.62, aka tafi da su yaƙin tsibiran Fokland a 1982, kusan shekara arba'in bayan huda ramukan.

Rashawa ma ta gefe suka bi. Madubinsu PU na 1942 a kan wani ƙarfe yake zama da aka ɗaure a bangon hagu na Mosin, aka lanƙwasa hannun sakata ƙasa, duk a masana'antar gwamnati. Da irin Mosin mai madubi Vasili Zaitsev ya yi suna a Stalingirad. Amma kada a ɗauka madubi ne gwani. Simo Häyhä na Finlan, wanda ake sawa a sahun gaba na gwanayen harbi tun yaƙin hunturun 1939 zuwa 1940, da saitin ƙarfe ya yi aikinsa, don madubi yana sa mutum ya ɗaga kai, yana yin hazo cikin sanyi, yana kuma ƙyalli ya tona asiri.

A waɗannan shekaru ne kakanninmu suka fi riƙe Lee-Enfield. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a Boma, a kwarin Kaladan da Myohaung, wanda aka kama a Janairun 1945, har aka sa wa wani bariki a Legas sunansa. Da yawan 'yan Arewa da suka tafi ta jirgin ƙasa suka tafi, ta nan kuma suka dawo. Na yi zamani da wani tsoho cikinsu. Idan hira ta yi daɗi sai ya ɗauki sandarsa ya nuna yadda ake sarrafa sakata ba tare da an sauke ƙota daga kafaɗa ba, hannun yana rawa don tsufa amma bai manta ba. Na taɓa tambayarsa madubi. Ya yi dariya ya ce a dajin da ba ka ganin wanda ke gabanka da taku goma, me za ka hanga? Bindigar kuwa ba wanda ya zo da ita gida. An karɓe a bariki, an ƙirga, an ba su lambar girma da kuɗin sallama.

A Turai da Amurka ƙirgar ba ta tsaya a bariki ba. Yaƙi ya ƙare, sojoji sun koma bindigogi masu sarrafa kansu, ga miliyoyin masu sakata jibge a rumbuna. Wani ɗan kasuwa Ba'amurke, Samuel Cummings, ya kafa kamfani a 1953, wanda aka fi sani da Interarms, ya riƙa sayen su jirgi-jirgi daga gwamnatoci. Suka cika shaguna, ana tallarsu a mujallu, da yawa ƙasa da dala 20, a aiko wa mutum ta gidan waya. Manomi ko lebura da ba shi da kuɗin sabuwar bindigar farauta sai ya sayi ta soja, ya datse katakon, ya lanƙwasa hannun sakata, ya huda sama ya ɗora madubi. Wasu kamfanoni irin Parker-Hale na Bamingham sun yi wannan aiki da tsari. Mafi yawa kuwa a garejin bayan gida aka yi, da mahujin hannu da ƙarfin hali.

Nan ne ƙarfe ya fara ba da amsa. Gidan sakatar Mauser na soja cikinsa da taushi, fatar waje kaɗai aka ƙona ta yi tauri, kamar ƙwai. Mahuji ya zame a kan fatar, ko ya ci ta da ƙyar ya faɗa cikin taushi ya karkace, ko abin yanka zare ya karye a cikin ramin ya maƙale. Masu gajen haƙuri suka riƙa sa wuta don su tausasa wurin, zafin ya bazu ya kai inda haƙoran sakata ke dogara, taurin wurin ya tafi ba tare da ido ya gani ba. Irin wannan bindiga ba ranar take nuna hali ba. A hankali kujerar haƙoran ke lotsawa, sakata ta samu wasa, wata rana kwanso ya tsage iskar wuta ta dawo baya. Wasu suka zarce da rami har ɗakin harsashi. Wasu ramukansu suka fita layi, suka sake huda wasu a gefe, har gidan ya koma kamar gwagwar tuya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma kowane rami mafarin tsaga ne idan ya faɗa inda nauyi ke bi.

Akwai kuma wadda tun daga masana'anta ta zo da ciwo, kuma labarinta zai yi wa maƙeranmu daɗin ji. Springfield ta Amurka, samfurin 1903. Ma'aikatan da ke ƙona gidan sakatarta da ido suke auna zafi, su dubi launin jan ƙarfen su ce ya isa. Ashe ranar da rana ta haska cikin ma'aikatar jan ba ya fitowa sosai, sai su ƙara wuta, ƙarfen ya ƙone ya zama mai gautsi kamar tangaram. Wani hafsa mai suna Julian Hatcher ya bi diddigin waɗanda suka fashe tsakanin 1917 da 1929, ya lissafa 68, wasu sun tafi da idanun masu su. An kawo na'urar auna zafi, an canza tsarin a 1918, amma waɗanda lambarsu ke ƙasa da 800,000 daga ma'aikatar Springfield har yau ana gargaɗin kada a harba su, balle a huda. Duk wanda ya taɓa shiga maƙera ya san dalilin da ya sa take da duhu, ya kuma san maƙeri ba ya shayar da wuƙa a tsakar rana a fili. Abin da tsoffinmu suka gada, injiniyoyin can sai da jini ya zuba suka rubuta shi.

Ramukan da suka fi kowanne suna a tarihi ba na soja ba ne. A Maris 1963 Lee Harvey Oswald ya aika wa shagon Klein's na Shikago dala 19.95 da kuɗin aike, aka turo masa Carcano, tsohuwar bindigar sojan Italiya, an riga an ɗaura mata wani madubi mai araha. Ranar 22 ga Nuwamba aka harbe Shugaba Kennedy da ita a Dalas. Masu binciken da suka gwada bindigar daga baya sai da suka cusa 'yan ƙarafa ƙarƙashin mariƙin madubin kafin ya daidaita. Dokar Amurka ta 1968 ta hana sayar wa kowa bindiga ta gidan waya, ta kuma rufe ƙofar shigo da rarar makaman soja, sai a 1984 aka sassauta wa waɗanda ake ɗauka kayan tarihi.

Daga nan kasuwa ta juya. Abin da ya yi yawa jiya ya zama na nema, masu tara kayan tarihi suka fara biyan kuɗi mai tsoka a kan wadda ba a taɓa ba, wadda aka huda kuwa darajarta ta faɗi warwas, ko da an cike ramin, don tabon ba ya ɓuya. Masana'antu kuma suka riƙa fito da sababbin bindigogin farauta masu araha da ramukansu tun daga gida. Aka ƙirƙiro mariƙan da ke zama a gurbin saitin baya ba tare da an huda komai ba. Yau idan mutum ya kai tsohuwar bindigar soja wurin ƙwararre a can, yawanci shawarar farko da zai ji ita ce ya bar ta yadda take. In ya nace, sai an duba lambarta da taurin ƙarfenta da wasan sakatarta, sannan a ɗaure ta a inji, ba a hannu ba.

Ni a ganina abin da ya raba Holland & Holland da maƙerinmu ba hannu ba ne. Na ga maƙeran da za su dubi kunamar bindigar toka sau ɗaya su fere irinta da magagari, kuma sunan maƙeran Awka a wannan fanni ya daɗe da zagaye ƙasa. Bambancin gidan gwaji ne. A Bamingham tun 1813 akwai gidan da doka ta kafa, inda ake ɗura wa bindiga harsashin da ya fi na kullum ƙarfi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, a harba ta a ɗakin da ba mutum, in ta tsira a buga mata hatimi. Wadda aka yi wa gyaran da ya rage mata ƙarfi sai ta koma an sake gwada ta kafin a sayar. Wato a can bango ne ke karɓar fashewar farko. A nan kuwa hannun maharbi ne. Ba garin da za ka shiga daga Sule Tankarkar zuwa Gagarawa ka rasa labarin wanda bindigar toka ta fashe masa, galibi don an yi bututun da fayif ɗin da ba a yi shi don wuta ba, ko an cika albarushi ranar biki don ta fi ta kowa ƙara. Wannan fa albarushin gargajiya ke nan, wanda ƙarfinsa bai kama ƙafar na harsashin soja ba.

Zangon garejin bayan gida kuwa bai taɓa zuwa mana ba, kuma ban ga abin baƙin ciki a ciki ba. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi uku. Na soja, har da masu cin .303 da 7.62, suna cikin haramtattu, ba mai riƙe su sai da izinin Shugaban Ƙasa. Na farauta na zamani lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na ɗurawa ta baki kuma Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Gyara ma ba a sake shi ba, sai ma'ajiyar makamai ta hukuma ko mai takardar izini. Don haka Mak-fo ba ta taɓa fita kasuwa a matsayin rara ba. Soja ya ajiye ta bayan samun 'yanci, musamman da aka kafa masana'antar makamai ta Kaduna a 1964, ta yi yaƙin basasa a hannun waɗanda suka same ta, 'yan sanda suka ci gaba da ita shekaru da dama har Kalashnikov ta ture ta. Wadda duk aka gani yau a hannun farar hula, tambayar da za a yi ba ta madubi ba ce.

Kuma ko da doka ta bari, me maharbin wannan yanki zai hanga? Farautarmu ta rani ce, bayan an kawar da gero da riɗi, ta gayya da karnuka da gora da kiɗan tauri. Zomo daga ƙarƙashin ƙafa yake tashi, zabo daga cikin sabara, gafiya kuwa haƙa ake yi. Barewar da za a tsaya daga nesa a auna ta yi ƙaranci tun da gonaki suka cinye daji. Ƙasar kuma shimfiɗe take ba tudu, harsashin soja yana tafiyar fiye da kilomita biyu, kuma a bayan kowace gona akwai wata gona, ko ruga, ko yara masu kiwo.

Saurayin nan bai gamsu ba ranar, na gani a fuskarsa. Ya mayar da wayar aljihu, ya ce shi dai gani ya yi abin ya burge shi. Mai waldar ya miƙa masa ƙarshen wani ƙarfen amalanke ya ce ya riƙe masa da kyau, ya kuma kau da ido, sannan ya sauke baƙin gilashinsa ya kunna wuta.